Dogon Hutu da Shirin Sabuwar Shekarar Karatu

Duk wanda ya taɓa ziyartar makarantar firamare ta gwamnati a makon farko na komawa daga dogon hutu ya san abin da ido kan gani. Yara suna shara da nome ciyawar da damina ta tsirar har bakin azuzuwa. Hedimasta yana ofis da rajista a gabansa, iyaye sun yi layi da sababbin ɗauka. Malamai kuwa suna gindin bishiya suna jiran a faɗa wa kowa ajin da zai riƙe. Jadawalin darussa bai fito ba, domin ba a tabbatar ko malamin lissafi na bara yana nan ko an yi masa canjin wurin aiki ba. A haka mako guda kan wuce, wani lokaci biyu, alli bai taɓa allo ba. Galibi ba lalaci ne ke kawo wannan ba. Akwai aikin da ya kamata malamai su zauna su yi tare tun yara suna gida, sai aka bar shi har aka buɗe makaranta, ya zo ya ci lokacin yaran.

Kafin a shiga bayanin wannan zama, ya kyautu a san asalin hutun kansa. Har zuwa farkon shekarun 1970 shekarar karatu a Nijeriya tana farawa ne a Janairu ta ƙare a Disamba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mai da farkonta Satumba domin ta yi daidai da ta jami'o'i, har ya kasance ɗaliban wannan shekara kimanin wata shida kawai suka yi a aji aka ciyar da su gaba. An koma wa Janairu na ɗan lokaci a ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan aka dawo Satumba. Turawa suna kiran nasu hutun da sunan lokacin zafinsu, masu fassara kuma sukan ce hutun bazara, amma a ƙasar Hausa bazara ta daɗe da wucewa kafin a rufe makarantu. Hutun yana faɗawa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ake maimai, gero ya fara fid da kai, ana ɗokin tumu. A Jamhuriyar Nijar ma, inda firamare kan koma a Oktoba, damina ce ke cinye hutun. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, gama malamin ƙauye manomi ne, kuma sau da yawa abin da ya noma a watannin nan shi ke riƙe gidansa in albashi ya yi jinkiri. Duk jami'in da zai kira malamai taro a watan Agusta, lalle ya sa gona cikin lissafinsa.

Zaman malamai a lokacin hutu iri biyu ne, kuma an sha cakuɗa su. Akwai babban taro, inda ake tattaro masana da zaɓaɓɓun malamai su rubuta manhaja da littattafai domin ƙasa ko jiha. Akwai kuma ƙaramin zama, wanda malaman makaranta guda, ko na makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna, kan yi domin tsara yadda shekararsu za ta gudana. Na farkon ya fi suna da kuɗi da hotuna a jarida. Tarihi kuwa ya nuna cewa in babu na biyun, aikin na farkon ba ya isa aji.

Misali mafi bayyana shi ne na sabon lissafi. Daga 1962 aka riƙa tara masana lissafi da malamai daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi a garin Entebbe na Yuganda, su yi makonni a lokacin hutu suna rubuta littattafan lissafi na zamani. Cikin 'yan Nijeriya da suka yi aiki a wannan shiri har da Grace Alele-Williams, wadda daga baya ta shugabanci Jami'ar Benin. Littattafan sun zo da sababbin abubuwa, kamar tattara abubuwa rukuni-rukuni da ƙirga bisa tushen da ba goma ba, kuma masu rubuta su ba ƙananan mutane ba ne. An gwada su a Legas, suka bazu zuwa wasu jihohi. Amma malamin firamare da aka miƙa wa littafin bai taɓa koyon irin wannan lissafi a kwalejinsa ba, ba a kuma ba shi lokacin da zai zauna da 'yan'uwansa su warware shi kafin su tsaya gaban yara. Iyaye suka fara kukan 'ya'yansu ba su iya tarawa da ɗebewa ba. A Janairun 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke sabon lissafi a makarantun firamare. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko sokewar ta dace, amma dai kowa ya yarda cewa aikin shekara goma sha biyar ya rushe ne a tsakanin teburin marubuci da allon malami.

A Arewa an bi wata hanya dabam. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ta jagoranci Shirin Kyautata Ilmin Firamare a farkon shekarun 1970, tare da jihohin Arewa shida na wancan lokaci da taimakon UNESCO da UNICEF. An rubuta sababbin kayan koyarwa, aka fara gwada su a zaɓaɓɓun makarantu, aka kira malaman waɗannan makarantu kwasa-kwasai. Abin da ya bambanta shirin shi ne masu horar da malamai na tafi-da-gidanka. Kowane ɗayansu yana da makarantun da yake zagayawa, ya ga yadda malami yake aiki da abin da aka koya masa a kwas, ya gyara masa, ya kuma kai rahoton abin da ya ƙi aiki domin a sake rubuta shi. Watau an gane cewa kwas ɗin hutu mafari ne kawai, sai an bi shi har aji. Ita ma Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, mambobinta ne da kansu suka zauna suka rubuta littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya na ƙananan azuzuwan sakandare a farkon shekarun 1970, littattafan kuma suka karɓu, domin masu riƙe da alli ne suka rubuta su.

Sai ga shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da U.P.E., a Satumban 1976. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka ɗebi malamai cikin gaggawa, da yawansu ba su da takardar koyarwa. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta horar da su suna bakin aiki, jami'o'i da kwalejojin ilmi kuma suka buɗe kwasa-kwasan dogon hutu, inda malami kan yi hutu bayan hutu yana karatu har ya sami babbar takarda. Dubban malamai sun amfana da wannan. Sai dai ya bar wata al'ada: a tunanin ma'aikatar ilmi da na malamai kansu, aikin hutu ya zama neman takardar shaida ta mutum ɗaya, zaman shirin makaranta kuwa ba wanda ya ɗauke shi aikin da ake ware wa rana.

To, mene ne malamai za su yi in sun zauna? Abu na farko, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne ƙirga makonni. A takarda shekarar karatu zango uku ce, kowane zango kimanin mako 13, jimla 39. Amma makon farko na kowane zango yakan tafi wajen rajista da shara, biyun ƙarshe kuma wajen bita da jarrabawa da cika katin sakamako. Saura mako 10 a zango, watau 30 a shekara. Darasin da ake yi sau 5 a mako, kamar lissafi, yana da zama 195 a takarda, amma 150 ne a zahiri. Bambancin zama 45 ne, daidai da mako 9, kusan zango guda ke nan. Ba a ma cire hutun tsakiyar zango da ranakun hutun gwamnati da na Salla ba tukuna. Malamin da ya ɗauki manhaja ya raba ta bisa mako 39 ya riga ya yanke wa babobin ƙarshe hukunci tun kafin ya fara, kuma babobin ƙarshen nan su ne malamin aji na gaba zai ɗauka an riga an koyar. In malamai sun yi wannan ƙirga tare, sai su yanke shawara da idonsu buɗe: wane babi ne ginshiƙi da ba za a taɓa ba, wanne za a haɗe da wani, wanne za a miƙa wa aji na gaba da sanin mai karɓarsa.

Ƙirgar ba ta tsaya ga adadi ba, domin makonni ba nauyinsu ɗaya ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka azumi da Salla suna matsowa gaba kowace shekara, tsarin bara ba zai yi wa bana daidai ba. A 2025 jihohin Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi sun rufe makarantu a watan azumi, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Ko mutum ya goyi bayan rufewar ko bai goya ba, malamin da ya san da ita tun Agusta ya fi wanda ta faɗo masa a tsakiyar zango na biyu. Haka nan zango na farko yana haɗuwa da kaka, lokacin da yaran ƙauye kan ɓace daga aji domin girbi da roron gyaɗa da wake. Disamba da Janairu hunturu kan hana ƙananan yara fitowa da sassafe. Maris da Afrilu zafi kan sa darasin bayan ƙarfe sha biyu ya zama wahala a ajin da ke da rufin kwano babu silin. Garin da kasuwarsa ke ci ranar Laraba ya san ajinsa na ranar Laraba. A sakandare kuma, daga Mayu zuwa Yuli jarrabawar fita kan kwashe azuzuwa da malamai masu sa ido, ƙananan ɗalibai su zauna babu mai koya musu. Manhajar da aka buga a Abuja ba za ta san ranar kasuwar kowane gari ba, ba a kuma tsammanin ta sani. Makarantun allo, abin lura, sun daɗe da gina shekararsu bisa wannan sani: malam da almajiransa su yi noma da damina, in an kawar da amfanin gona a duƙufa kan karatu.

Abu na biyu shi ne miƙa yara daga hannu zuwa hannu. Malamin da ya riƙe aji uku shekara guda ya san abubuwan da katin sakamako ba ya faɗa. Ya san yara nawa ne har yanzu suke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, wace yarinya ce ba ta gani sosai sai an zaunar da ita gaba, wane yaro ne ke zuwa a makare domin shi ke kai dabbobi kiwo. Ya kuma san, in zai faɗi gaskiya, inda ya tsaya a manhaja. In bai zauna da malamin aji huɗu ya gaya masa ba, sai wancan ya ɓata rabin zango yana gano abin da awa biyu ta isa a sanar da shi. Wannan gaɓa ta aji uku zuwa huɗu tana da nauyi na musamman, domin Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyarwa da harshen uwa ko na muhallin yaro, daga baya a koma Ingilishi, kuma a aji huɗu aka saba yin wannan juyi. An yi ta sauya matsayin gwamnati a kan harshen koyarwa tun daga lokacin, amma matsalar cikin aji ba ta sauya ba: yaron da ya san rabawa da Hausa yana iya tsayawa cik in an tambaye shi da Turanci. Malaman azuzuwan biyu suna bukatar su daidaita kalmomin da za su yi amfani da su, kada wannan ya kira abu da suna ɗaya, wancan ya kira shi da wani.

Akwai kuma mantuwar hutu. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa a Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga cewa a matsakaici yaro kan dawo daga dogon hutu da asarar abin da ya kai karatun wata guda, asarar kuma ta fi yawa a lissafi. Masu bincike na baya sun yi jayayya a kan girman asarar, hutun Amurka kuma ya fi na Nijeriya tsawo. Duk da haka malamai ba su jiran bincike kafin su san cewa yaron da ya yi mako bakwai ko takwas bai ga rubutu ba, a gidan da babu littafi, ba ya dawowa yadda ya tafi. Abin da zaman shiri zai yi shi ne ya shirya ɗan gajeren gwaji na makon farko, na karatu da na lissafi, wanda ba a sa makinsa a kati, domin kowane malami ya san daga inda zai tashi.

Rabon azuzuwa shi ne wurin da zaman kan yi zafi. Al'adar da ta yi kaka-gida ita ce a ba ƙwararren malami aji shida, saboda jarrabawar shiga sakandare da sunan makaranta, a tura sabon ɗauka ko wanda aka fi raina wa ƙoƙari aji ɗaya. Wannan kuskure ne mai tsada. Aji ɗaya da biyu nan ne yaro ke koyon karatu, kuma koya wa yara saba'in ko fiye haɗa baƙi a ɗaki guda ya fi koyar da aji shida wuya nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hedimastan da ya yanke wannan hukunci shi kaɗai a ofis zai sha zargin son kai ko ƙiyayya. In kuwa an baje hujja a gaban kowa, aka kuma yarda cewa riƙe aji ɗaya girmamawa ce, gardamar kan yi sauƙi. Sauran ayyukan, irin su ƙirga benci da littattafai, da duba rufin da iska ta yaye, da tsara ranakun gwaje-gwaje don kada malamai biyar su ba da gwaji a mako guda, ba su bukatar dogon bayani, sai dai a ba kowanne mai shi da ranar gamawa.

Wasu ƙasashe sun mai da irin wannan zama doka. A Ingila, tun 1988, zamanin Sakataren Ilmi Kenneth Baker, malamin makarantar gwamnati yana aikin kwana 195 a shekara, ɗalibai kuwa 190 suke zuwa. Kwana 5 ɗin nan na horo ne da shiri, makarantu da yawa kuma sukan sa ɗaya ko biyu daga ciki a farkon Satumba. A Faransa malamai kan riga ɗalibai komawa da kwana guda. A Japan, inda shekara ke farawa a Afrilu, malamai sun fi shekara ɗari suna da al'adar shirya darasi guda tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da yaran, sa'an nan su taru su gyara shi. Wani reshe na wannan tunani ya iso Afirka ta hanyar shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da hukumar taimakon Japan ta fara da Kenya a 1998, ya zo Nijeriya a 2006 da sunan SMASE, aka fara shi a jihohin Kaduna da Neja da Filato. A Nijar kuma akwai tsarin CAPED, inda malaman makarantun da ke maƙwabtaka kan haɗu su tattauna aikinsu. Abin da Ingila ta yi wanda ya cancanci ma'aikacin gwamnati ya dube shi da kyau shi ne ta sa ranakun cikin kwanakin aikin da ake biyan malami, ba ta bar su ga kirkin zuciyarsa ba.

A nan ne maganar ta dawo kan ma'aikatar ilmi da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi. Malami yana da haƙƙin hutu, yana da gona, malama tana da gida da yara, wasu kuma suna can kwas ɗin dogon hutu. Kiran su mako biyu a tsakiyar Agusta ba tare da kuɗin mota ba, ga albashin Yuli bai shigo ba, ba zai haifar da kome ba sai rajistar halarta mai cike da sa hannun waɗanda ba su zo ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a raba zaman biyu. Kwana ɗaya a makon rufe makaranta, tun abin da ya faru yana sabo a ƙwaƙwalwa, domin miƙa yara da faɗin inda aka tsaya. Kwana biyu ko uku kuma a makon da ke gaban komawa, sa'ad da aikin gona ya ɗan lafa, domin ƙirgar makonni da rabon azuzuwa da jadawali. Ƙananan makarantun da ke da malamai uku ko huɗu sai su haɗu a makarantar tsakiya, don malamin aji biyu ya sami wani malamin aji biyu da zai yi shawara da shi.

Zaman kuma ba zai yi amfani ba sai ofis ya cika nasa ɓangaren kafin ranar. Kalandar shekara ta jiha tana bukatar fita tun kafin a rufe makarantu. In an sauya manhaja, kamar yadda aka yi a 2008 da aka shigo da ta ilmin bai-ɗaya na shekara tara, aka kuma sake fasalinta a 2014, ya kamata kofenta ya isa hannun malami cikin hutu, ba a tsakiyar zango ba. Mafi muhimmanci duka shi ne takardun canjin wurin aiki. Makaranta tana iya zama kwana uku ta tsara kome, ta ba malama mafi ƙwarewa aji ɗaya, ta gina jadawali a kan malamin lissafi guda da take da shi, sai a mako na uku na Oktoba takarda ta zo an ɗauke su duka biyu, wanda zai maye gurbinsu kuma sai Janairu. Jami'in da ya sa hannu a takardar yana ganin suna biyu ne ya matsar daga wannan shafi zuwa wancan. Sufeton da zai zo duba makarantar a Nuwamba kuwa zai tarar da jadawali manne a bangon ofishin hedimasta, da sunayen malaman da ba su nan, da aji ɗaya an haɗe shi da aji biyu a ɗaki guda.